Tambayi Likita: Me Ƙungiyoyin Likitocin Yara Ke Tsinana wa Yaron da Ke Kan Gado?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga ƙungiyoyin likitoci da abin da ya haɗa su da jinyar yara. Mun ɗauki shida daga ciki. Adadin magungunan da za ku gani a ƙasa don ma'aikatan lafiya muka kawo su, ba don a gwada a gida ba.

Tambaya: Duk shekara ina jin labarin taron ƙungiyar likitocin yara a rediyo, a yi jawabai a watse. Mu talakawa da muke kwana a layin kati, me wannan taro yake ƙara mana? Daga wani magidanci, Kurna, Kano.

Amsa: Malam, tambayarka a kan hanya take. Bari mu fara raba maka abubuwa uku da mutane kan cuɗanya. Akwai hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya, wato MDCN, ita ce ke ba likita lasisi kuma ita ke iya ƙwacewa. Akwai kwalejojin ƙwarewa, wato ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas wadda aka kafa a 1979, da ta Afirka ta Yamma, su ke horar da likita su jarraba shi kafin a kira shi ƙwararre. Sannan akwai ƙungiya, irin PAN ta likitocin yara na Najeriya wadda ke nan tun 1968, da NISONM ta masu kula da jarirai sabbin haihuwa. Ƙungiya ba ta da asibiti, ba ta biyan albashi, ba ta korar kowa. Abin da ke hannunta shi ne ta tara masana su tace bincike, su rubuta yadda za a yi jinyar kowace cuta, su koyar da shi, sannan su matsa wa gwamnati ta sayi kayan da aikin ke buƙata.

Ga misalin da ya shafi kowane gida a ƙasar nan. Shekaru da yawa, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani kwinin ake saka masa a cikin ƙarin ruwa. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, a Ilori. Cikin waɗanda aka ba kwinin, kimanin 10.9 cikin 100 suka rasu. Cikin waɗanda aka yi wa allurar atesunet, 8.5 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta, Najeriya ma ta bi. Amma sauya takarda a Abuja ba ya sauya hannun nas a Bichi. Sai an sami wanda zai koya mata cewa kwalbar miligiram 60 ana fara narkar da ita da mililita 1 na ruwan bikabonet da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ya washe, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishirin asibiti idan ta jijiya za a yi. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kan kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce kuma 2.4. Yaro mai kilo 12 ke nan zai sami miligiram 36, wato mililita 3.6. A yi masa nan take, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24, in ya fara iya haɗiya a ɗora shi kan ƙwayoyin ACT, wato haɗin maganin zazzaɓin cizon sauro na sha, na kwana uku cikakku. Inda ake yawan tuntuɓe: a haɗa maganin a ajiye shi har ya wuce awa ɗaya, ko a juye shi cikin ledar ƙarin ruwa kamar yadda aka saba da kwinin, ko a yi allura ɗaya yaro ya farfaɗo a sallame shi ba a ba shi ƙwayoyin ba, bayan kwana goma ya dawo.

To wannan koyarwar ita ce aikin ƙungiya. Idan taro ya ƙare a otal bai sauko zuwa irin wannan ba, kana da gaskiya, bai ƙara maka komai ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kaiwa shekara biyar, kuma jihohin arewa maso yamma sun fi wannan adadi. Da wannan ma'aunin ya kamata a riƙa auna kowane taro.

Tambaya: Ni nas ce a ɗakin yara na wani babban asibitin ƙaramar hukuma. Mun je bita ta fi a ƙirga, mu karɓi satifiket da alawus, mu dawo komai yana nan yadda yake. Wace irin koyarwa ce ke aiki da gaske? Daga wata Sista, jihar Katsina.

Amsa: Sista, sannu da ƙoƙari. Bitar da ake zama a kalli majigi kwana uku ba ta zama a hannu. Wadda ke zama ita ce ta atisaye: 'yar tsana a kan tebur, agogo a gefe, kowa ya yi da hannunsa, a kuma maimaita a wurin aiki na minti goma zuwa sha biyar kowane mako.

Tsarin da ya fi shahara ga ɗakin yara shi ne ETAT, wato tsarin tantance yaran da ke buƙatar gaggawa da fara yi musu jinya nan take, na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Kenya ta faɗaɗa ta yaɗa a asibitocin gundumomi. Tushensa guda ne: da yawa daga cikin yaran da ke rasuwa a asibiti a cikin awa 24 na farko suke rasuwa, wasu ma a kan benci suna jiran layi. Don haka ba a bin layi da lambar kati. Wanda ke bakin ƙofa, ko da mai ba da kati ne, a koya masa ya kalli kowane yaro cikin ƙasa da minti ɗaya. Numfashi ya toshe ko yana fizga da ƙyar? Leɓe da harshe sun yi shuɗi? Hannu ya yi sanyi? Ba ya cikin hayyacinsa, ko yana jijjiga? Gudawa ta sa ido ya faɗa, fata in an ja ba ta komawa? Ko ɗaya daga ciki aka gani, a wuce da shi ciki, a bar zancen kati da kuɗi sai daga baya. Na biye da su su ne jaririn da bai kai wata biyu ba, mai zafin jiki sosai, mai tafin hannu fari fat, mai kumburin ƙafa biyu, wanda ya sha guba ko ya ƙone, da wanda aka turo da takardar gaggawa.

Daga nan sai sikeli. Duk maganin yaro a kan nauyinsa ake lissafa shi, kuma kintace da ido shi ne uwar kurakurai. Ku liƙa jadawalin nauyi da adadin magani a bango kusa da inda ake haɗa allura, domin da ƙarfe ukun dare ba wanda ke son yin lissafi a ka.

Yaron da ya suma ko yake jijjiga, a duba sukarin jininsa kafin komai. In ya gaza 2.5 a ma'aunin mmol/L, ko 3 ga mai tamowa, ko kuma babu abin gwajin, a ba shi ruwan gulukos mai kashi 10, mililita 5 a kowane kilo. In mai kashi 50 kawai kuke da shi, kada a tura shi haka, yana ƙone jijiya. A haɗa kashi ɗaya nasa da kashi huɗu na ruwan allura. Ga yaro mai kilo 12, mililita 12 da mililita 48 ke nan. Jijjiga in ta ci gaba, diyazefam ta dubura, rabin miligiram a kowane kilo. Amma ga jariri sabon haihuwa fenobabiton ake bayarwa.

Numfashi kuma a ƙirga shi minti ɗaya cur, yaro yana kwance lafiya ba yana kuka ba. Sau 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa sha ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar, wannan saurin numfashi ne. A maƙala masa 'yar na'urar auna iska a yatsa. In ta nuna ƙasa da kashi 90 cikin 100 yana buƙatar oksijin: rabin lita zuwa lita ɗaya a minti ga sabon haihuwa, ɗaya zuwa biyu ga ɗan ƙasa da shekara, har zuwa huɗu ga wanda ya ɗan tasa. Ido ba ya gane ƙarancin iska da wuri, musamman ga yaron da jininsa ya yi ƙasa, domin shi ba ya yin shuɗi sai abin ya yi nisa. Injin tace oksijin kuwa, in ba a wanke soson bayansa kowane mako a wannan ƙurar tamu ba, zai ci gaba da hura iska alhali oksijin ɗin da ke ciki ya ragu.

Sai batun ƙarin ruwa, wanda a nan ne aka fi ganin amfanin ƙungiya mai rai. An daɗe ana koyar da cewa yaro mai zazzaɓi da ya galabaita a buɗe masa ruwa da gudu. A 2011 wani gwaji a Yuganda da Kenya da Tanzaniya kan yara sama da 3,000 ya nuna akasin haka: kimanin 10.5 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa ruwan sun rasu cikin awa 48, waɗanda ba a buɗe wa ba kuma 7.3. Likitocin yara na Kenya suka zauna da ma'aikatar lafiyarsu suka gyara ƙa'idarsu, tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata gyaran a 2016. Yanzu ba a cewa jini ya daina zagayawa yadda ya kamata sai alamu uku sun haɗu: hannu da ƙafa sun yi sanyi, an danna farce ya wuce daƙiƙa uku bai dawo da launinsa ba, bugun jijiya kuma yana sauri ba ƙarfi. A kula, wannan bai shafi yaron da gudawa ta tsotse ba, shi har yanzu ruwa yake so da sauri, mililita 100 a kowane kilo a kashi biyu. Mai tamowa kuwa zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa mai yawa, ta baki ko ta bututun hanci ya fi masa. Wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, awon himogulobin bai kai 4 ba, jini yake nema, ruwa sai dai ya ƙara tsinka ɗan abin da ya rage. Har yau akwai asibitocin da ke aiki da tsohuwar koyarwar, don ba wanda ya je ya gaya musu.

A ɗakin haihuwa, kwas ɗin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito da shi a 2010 tare da abokan aikinta, na taimaka wa jariri ya yi numfashi, ya ginu ne a kan minti ɗaya na farko. A tsane jariri sosai, a sauya zanen da ya jiƙe, a shafa bayansa. In bai yi numfashi ba kafin minti ɗaya ya cika, a ɗora masa robar hura iska, kimanin sau 40 a minti, ana kallon ƙirji yana ɗagawa. In bai ɗaga ba, yawanci robar ce ba ta zauna daidai a fuska ba, ko an lanƙwasa wuya da yawa. Ba a riƙe shi ta ƙafa a juya kansa ƙasa, ba a marin sa, ba a yayyafa masa ruwan sanyi. A asibitoci takwas na Tanzaniya, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan wannan horo. Sai dai hannu yana mantawa cikin 'yan watanni in ba a maimaitawa. Shawararmu: ki nemi reshen ƙungiyar likitocin yara da ke asibitin koyarwa mafi kusa da ku, ki roƙi a haɗa ku da likita ɗaya da zai riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata ya yi zagayen gado tare da ku. Wannan ya fi satifiket goma.

Tambaya: Ta yaya zan gane likitan yara na gaske? Kuma in an yi sakaci da ɗana, ƙungiyarsu zan kai wa ƙara? Daga Maman Hanifa, Gusau.

Amsa: Hajiya, ƙwararren likitan yara shi ne wanda bayan digirinsa na likita ya ƙara shekaru biyar zuwa shida yana horo a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar ɗaya daga cikin kwalejojin nan biyu. Za ki ga FMCPaed ko FWACP a bayan sunansa. Ba su da yawa, kuma akasarinsu a manyan birane suke, don haka yawancin yara likitan gama-gari ne ko nas ko jami'in lafiyar al'umma zai duba su. Wannan ba aibi ba ne matuƙar yana bin ƙa'ida. Ki lura: an auna nauyin yaron? An tuɓe masa riga an duba ƙirji? An gwada jini kafin a ce maleriya ce? In gudawa ce, an haɗa miki ORS da ƙwayar zink ta kwana goma zuwa sha huɗu? An gaya miki alamun da za ki gani ki dawo da gaggawa?

Ƙara kuwa, ki fara da shugabancin asibitin a rubuce, ki riƙe kwafi. In abin ya wuce nan, MDCN ce ke da kwamitin bincike da kotun ladabtar da likitoci. Nas da ungozoma suna da tasu hukumar daban. Ƙungiya ba ta da ikon hukunta kowa.

Tambaya: Mun fara zaman bitar mace-macen yara a asibitinmu, amma kullum sai ya koma neman mai laifi, har nas-nas sun daina zuwa. Ya ake gyara wannan? Daga wani likita, jihar Bauchi.

Amsa: Dakta, abin da ya same ku shi ke kashe irin wannan zama kusan ko'ina. Najeriya tana da tsarin bibiyar mutuwar mata masu juna biyu da jarirai, wanda daga baya aka shigar da yara ciki, kuma ƙungiyoyin likitocin mata da na yara suna cikin waɗanda suka tsaya aka samar da shi. Sharaɗinsa na farko shi ne ba suna, ba zargi. A cire sunan mara lafiya da na ma'aikaci daga takardar da za a karanta. Kada shugaban asibiti ya yi amfani da abin da aka faɗa a zaman wajen rubuta wa wani takardar tuhuma. Ranar da aka yi haka sau ɗaya, an gama, daga nan fayil zai riƙa ɓacewa ko a riƙa gyara shi.

Ku zauna sau ɗaya a wata, awa ɗaya. Kada ku ce sai kun bi kowace mutuwa dalla-dalla, ku karanta jimilla sannan ku zaɓi biyu ko uku, musamman wanda ya rasu cikin awa 24 da zuwansa ko wanda ba a zaci zai rasu ba. A jera lokuta: yaushe ciwo ya fara, yaushe ya iso ƙofa, yaushe aka fara ganin sa, yaushe allurar farko ta shiga, yaushe aka nemi jini, yaushe jinin ya zo. Giɓin da ke tsakanin waɗannan lokutan shi ne darasin. Sau da yawa za ku tarar ba jahilci ba ne: makullin kabad ɗin magani yana aljihun wanda ya tafi gida, ko uba ya fita neman kuɗin ledar jini, ko nas ɗaya ce a kan gado talatin. Ku gayyaci mai ɗakin magani da na ɗakin gwaji da mai kula da janareto, domin rabin gyaran a hannunsu yake. Kowane zama ya ƙare da aiki biyu ko uku kacal, kowanne da sunan mai yi da ranar gamawa, kuma zama na gaba da su za a buɗe.

Kenya ta ƙara wani mataki tun 2013. Asibitocin gundumomi suna cike fom iri ɗaya na kwantar da yaro, a tattara bayanan, bayan 'yan watanni kowane asibiti ya ga matsayinsa kusa da na sauran: yara nawa aka auna wa iska, nawa aka ba maganin da ya dace da nauyinsu. Ba abin da ke hana reshen ƙungiya a jiha ɗaya ya fara haka da asibitoci biyar.

Tambaya: 'Yata mai sikila ce, shekararta shida. An ce a kai ta a ɗora mata wata na'ura a kai. Mene ne amfaninta? Daga wani uba, Zariya.

Amsa: Malam, ka kai ta. Na'urar tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta gefen kai, ba allura, ba zafi. In ba a ɗauki mataki ba, kimanin ɗaya cikin goma na masu sikila mai tsanani kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara ashirin. Gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana nuna haɗarin ya yi yawa. Ana so a riƙa gwajin kowace shekara daga shekara 2 zuwa 16.

A Amurka ƙarin jini kowane wata ake yi wa irin waɗannan yara, abin da ba zai yiwu ga yawancin iyalanmu ba. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da Barau Dikko na Kaduna ya nuna ƙwayar haidiroksiyuriya, sau ɗaya a rana bisa nauyin yaro, tana rage haɗarin sosai. Ƙungiyar likitocin jini ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2020, ta amince da wannan hanya ga ƙasashen da ƙarin jini a kai a kai ke da wuya. Wato wannan karon ilimin daga nan ya tafi can. Maganin yana iya rage ƙwayoyin jini, saboda haka likita ne zai ɗora ta a kai ya riƙa gwada jininta. Kada a saya a kemis. Zafin jiki ya kai digiri 38.5, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki ko da na minti kaɗan ne ya dawo, asibiti a ranar.

Tambaya: Na ga tambarin kamfanonin madarar jarirai da na magani a allunan tarukan likitoci. Wannan ba ya shafar shawarar da suke ba mu? Daga wata malamar makaranta, Maraɗi.

Amsa: Malama, yana iya shafa, kuma su kansu likitocin sun daɗe suna jayayya a kai. Tun 1981 akwai ƙa'idar duniya da ta taƙaita tallan madarar gwangwani, ta kuma hana ba ma'aikatan lafiya kyaututtuka don su tallata ta. A 2019 kwalejin likitocin yara ta Birtaniya ta daina karɓar kuɗi daga kamfanonin madarar jarirai bayan matsin lamba daga mambobinta. A ganinmu, duk ƙungiyar da za ta rubuta ƙa'idar jinya ya kamata kowane ɗan kwamiti ya bayyana a rubuce wanda ya taɓa ba shi kuɗi ko ya biya masa tafiya, kuma mai alaƙa da kamfani kada ya jefa ƙuri'a a kan maganin kamfanin. A naki ɓangaren, in likita ya rubuta wa jariri ɗan ƙasa da wata shida madarar gwangwani, ki tambaye shi dalilin lafiya da ya sa. Akwai dalilai na gaske, kamar rasuwar uwa ko wani ciwo da ya hana ta shayarwa, amma "nono bai isa ba" yawanci gyaran kamun nono da yawan ɗora jariri ne maganinsa, kuma nas ɗin da ta samu horo za ta iya duba wannan a zama ɗaya.